Dala ɗari ta raba gardamar direbobi biyu

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Gidan Rumji, ko ta Agiye, ko ta Gazawa, ya san hirar direbobi da yaran mota: wane ya fi wane hannu, motar wane ba a shan gabanta. Irin wannan gardama ba a kan hanyar ƙasa mai lamba 1 ta fara ba. An yi ta tsakanin manyan direbobin duniya, a cikin tseren Pari-Dakar wanda ya daɗe yana ratsa ƙasarmu. Yau za mu kawo wa masu karatu yadda aka raba ɗaya daga cikinta.

Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine shi ne ya kafa wannan tsere. An tashi na farko daga Pari ranar 26 ga Disamba 1978. Motoci da babura 182 suka biyo ta Aljeriya, suka sauka Agadas da Yamai, amma 74 kaɗai suka ga Dakar. A 1983 ayarin ya shiga Tenere, guguwar rairayi ta taso, ƴan tsere wajen 40 suka ɓace, sai da Sabine ya yi kwanaki yana nemansu da jirgi mai saukar ungulu. Shi kansa a cikin irin wannan jirgi ya gamu da ajalinsa a ƙasar Mali, ranar 14 ga Janairu 1986.

Abin da ya faru tsakanin Jado da Agadas

A tseren 1988 kamfanin DAF na ƙasar Holan ya kawo manyan motoci masu inji biyu biyu. Direbansu Jan de Rooy ya kai ga shan gaban ƙaramar motar Peugeot a cikin rairayi, ana gudun wajen kilomita 200 a awa. Masu sha'awar tsere suka yi ta kallon hoton suna jinjina masa.

Murna ba ta daɗe ba. A zangon Jado zuwa Agadas, babbar motar DAF ta biyu ta hau tudun rairayi da mugun gudu, ta yi ta wuntsilawa. Ɗaya daga mutum ukun da ke ciki, Kees van Loevezijn, ta yi jifa da shi waje, ya rasu nan take. Kamfanin ya janye motocinsa. Kafin a isa Dakar a wannan shekara rayuka shida suka salwanta. Uku daga ciki ba su shiga tsere ba, mutanen gari ne, har da wata yarinya ƴar shekara goma a Mali.

Zakara biyu a akurki ɗaya

Da shekara ta zagayo, a 1989, Peugeot ya zo da gwanaye biyu, kowane riƙe da mota samfurin 405. Na farko Jacky Ickx, mutumin Beljik, wanda ya ci tseren awa 24 na Le Mans har sau shida, ya kuma ci Dakar a 1983. Na biyu Ari Vatanen, mutumin Finlan, zakaran duniya na 1981, wanda ya sha da ƙyar a wani mummunan haɗari a Ajantina a 1985, ya warke, ya ci Dakar a 1987. Ickx direba ne mai lissafi da tattalin mota. Vatanen kuwa in ya taka ba ya ɗagawa.

Tun kafin su gama ratsa Nijar sun yi wa sauran nisa ƙwarai. Ba su da abokin hamayya sai junansu. Kullum safiya kowa na ƙara wuta don kada ɗan'uwansa ya wuce shi. Da suka baro Yamai suka isa Gawo, Ickx na gaba da ƴan mintoci, shugaban ayarinsu Jean Todt ya kira su. Ya ga in aka ci gaba haka, ko dai a rasa motocin, ko a rasa rai. Sai ya fiddo kuɗin ƙarfe na faran goma na Faransa, wanda a canjin wancan lokaci yake daidai da dala ɗari tamu, ya jefa sama. Ƙuri'a ta faɗa wa Vatanen. Daga ranar aka hana su tsere da juna. Ana gab da gamawa Vatanen ya ɓata hanya, Ickx ya sake shiga gaba, amma ya tsaya ya jira shi ya wuce, don cika alkawari.

Masu shirya tseren sun fusata, ƴan jarida sun yi ta suka. Har yanzu masu sha'awar tsere ba su daina muhawara ba. Waɗansu na cewa an ƙwace wa Ickx haƙƙinsa. Waɗansu na cewa ai Vatanen ya sake ci a 1990 da 1991, don haka ba sa'a kaɗai ce ta ba shi ba. Abin da babu mai musu a kai shi ne su biyun sun isa Dakar da ransu.

Tseren ya bar mu, hanya na nan

A shekarar 2000, saboda barazanar tsaro, jiragen sama suka kwashe ayarin daga Yamai zuwa Libiya. An soke na 2008, aka koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Shi kuwa Jean Todt, a 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi manzonta na musamman kan kiyaye haɗarin hanya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗarin hanya na kashe mutum wajen miliyan 1.19 a shekara, kuma in an gwada da yawan jama'a, a Afirka abin ya fi muni.

Sai mu dubi bambancin. Ɗan tsere na da hular kwano, da ɗamara, da ƙarafan kariya a cikin mota, da likita mai bin sa ta sama. Duk da haka ubangidansa ya ce gaba da gudu ba su haɗuwa. Direbanmu fa? A bayansa fasinjoji ne cike da mota. A gabansa amalanken shanu, da ƴan kabu-kabu, da yara masu talla a bakin kwalta, tun daga Tibiri har Cadawa. In ya yi tsere da ɗan'uwansa don rigan ɗaukar fasinja a gari na gaba, ran wa ya sa a caca?

Rabon nan aikin masu motoci ne da shugabannin tasha, tun kafin jandarma ya busa usur. Layin lodi na nan, wanda ya riga zuwa shi ke tashi. A riƙe shi da gaskiya, a kuma hukunta mai tsere ko da ya iso lafiya. Mu fasinjoji kuma mu daina zuga direba, mu buɗe baki in gudu ya yi yawa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kai kowa gida lafiya.