Faifan Baba da Waƙar Yara: Wanne Za Mu Ji?

A gidaje da yawa na Nassarawa GRA a nan Kano akwai tsohon akwati cike da fayafayan garmaho da kaset. Maigida ba ya yarda a zubar da su, yara kuwa ba su taɓa jin ko ɗaya ba. Nasu waƙoƙin suna cikin waya, kowa ya toshe kunne yana ji shi kaɗai. Uba ya ce kiɗan zamani hayaniya ce, ɗa ya ce na dā ya tsufa. Ta haka gida ɗaya yakan zama gida biyu.

Bari mu buɗe akwatin nan. Babban faifai ya fito a Amurka a 1948, kowane gefe yana ɗaukar wajen minti ashirin. Kaset kuma ya biyo baya a 1963. Mawaƙi yakan jera waƙoƙinsa, mai ji kuma ya zauna ya saurara daga farko har ƙarshe. Wannan haƙurin sauraro shi ne muke rasawa yau.

A cikin akwatin za ka sami Alhaji Mamman Shata da kalangunsa, wanda ya rasu a Kano a 1999. Za ka sami Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Shi da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, ya ɗaga darajar talaka mai neman abinci da guminsa.

Turawa ma sun yi kiɗa mai kama da wannan ta wata fuska. Wajen 1976 samarin Niyok da Landan suka fito da abin da suka kira punk: jita da ganga, da gajerun waƙoƙi masu zafi. Faifan farko na ƙungiyar Ramones yana da waƙa 14, amma duka bai cika rabin sa'a ba. A 1977 ƙungiyar The Clash ta yi waƙa a kan samarin da ba su da aikin kirki. Iyayen Ingila sun ce hauka ne. Gaskiya akwai zagi da rashin kunya a cikin waɗansu, ba kuwa za mu yaba wannan ba. Amma akwai kukan matasa a ciki, wanda ya kamata manya su ji.

Mu ma masu bi muna da namu gādo. Dattawa suna tunawa da Muryar Bishara, wadda ake shirya ta a Jos, ana watsa ta daga Addis Ababa, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Zumuntar Mata ta shigo da tulu da caki cikin sujada. Daga baya Panam Percy Paul ya zo da jita, sa'an nan Jeremiah Gyang da Solomon Lange suka rera yabo da Hausa a kan kiɗan zamani. Abin da muke kira tsoho yau, sabo ne jiya.

To, da me za mu auna waƙa? Ba da shekarunta ba, ba kuwa da ƙararta ba. Littafin Zabura yana da waƙoƙi 150. Waɗansu yabo ne da kayan kiɗa iri iri, da yawa kuma kuka ne na mutumin da ke cikin wahala. Sai mu tambaya: me waƙar nan take faɗa? Gaskiya ce? Bayan na ji ta, ina ta bar zuciyata? Tsohuwar waƙar da ke kambama mai kuɗi don a sami kyauta ba ta fi sabuwa mai batsa tsarki ba.

Kai uba, ka keɓe dare ɗaya cikin mako. Ka sa faifai ɗaya naka, a ji shi duka. Sa'an nan ɗanka ko 'yarka su sa nasu, ka saurara ba tare da tsawa ba. Ku yi taɗi a kan kalmomin. Yaron da aka saurari waƙarsa ya fi saurin sauraron gargaɗi.

Fayafayan kuma a jera su a tsaye, nesa da rana da ƙurar hunturu, gama zafin bazara yakan tanƙwara su. A sa yara su kwafe kaset ɗin cikin kwamfuta tun ba su lalace ba.

Ubangiji ya ba mu kunnen da ke rarrabewa, da gidajen da ke raira yabonsa tare. Amin.