Gyaran Daɓen Siminti Kafin a Shimfiɗa Laminet

Laminet falle-fallen katako ne na garin itace da aka matse, aka lulluɓe samansa da hoton katako da fata mai tauri. Kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro shi a 1977. Ba a manna shi da ƙasa. Bakin wannan falle ne ke shiga bakin wancan, ya kwanta a kan daɓe. Saboda haka duk wani tudu ko kwari da ke ƙasa sai ya tona kansa: a taka, fallen ya lotsa, ya yi ƙara, a kwana a tashi mahaɗin ya karye.

A Achilafiya da sauran garuruwan ƙasar Kazaure, har zuwa Babura, leda da tayil sun fi laminet yawa. Amma matsalar daɓe ɗaya ce. Yawancin ɗakuna an cike su da ƙasa, an zuba siminti sama-sama ba tare da an kirɓa cikon sosai ba. Damina biyu, ƙasa ta zauna, daɓe ya tsage.

Aikin yana farawa da awo. Birkila zai kwantar da miƙaƙƙiyar sandar alminiyam mai tsawon mita 2, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Inda haske ya ɓullo, kwari ne, sai ya kewaye shi da gawayi. Masu yin laminet galibi ba sa yarda da ratar da ta wuce milimita 2 zuwa 3. Tiyon ruwa kuwa yana nuna ko ɗakin ya karkata, sai dai karkata kaɗan ba ta da illa. Shafewa ake nema, ba lallai lebur ba.

Tudu a sassaƙe shi da guduma da cizal, ko a goge da inji. Kwari ya fi wuya. Kwaɓin siminti da yashi, ɗaya bisa uku, ba ya kama tsohon daɓe idan an shafa shi siriri; ɓarewa yake kamar ƙanzo. Dole a farfasa fuskar wurin, a share ƙura, a jiƙa, a shafa ruwan siminti tukuna. Akwai kuma garin da ake damawa ruwa-ruwa a zuba ya baje da kansa, wanda ya dace da ƙananan ramuka, ko da yake tsadarsa ta fi ta siminti nesa. Daɓen da aka ƙwanƙwasa ya yi amon ganga, ƙarƙashinsa kogo ne. Wannan fasa shi ake yi, faci ba ya magani.

Sai danshi, wanda shi ya fi kashe laminet, domin garin katako yana shan ruwa ya kumbura. Sabon kwaɓi yana bushewa kimanin milimita 1 a rana, wato kaurin santimita 3 na son wata guda. Iskar hunturu tana yaudara: sama ta bushe ƙarau, ciki na jiƙe. Ana gwadawa da farar leda, a liƙe gefunanta a ƙasa ta kwana. In an ga gumi a cikinta da safe, da sauran jira. In babu, a shimfiɗa leda mai kauri, a ɗora siririn soso, sannan fallayen, a bar ratar milimita 8 zuwa 10 a gindin bango domin katako ya samu wurin motsi idan damina ta kama.