Bangon Ƙarni na 14, Tagar Zamanin Biktoriya

Baƙon da ya shiga cocin All Saints na ƙauyen Middleton Cheney, a tsakiyar Ingila, zai ɗauka tagogin nan masu launi sa'annin bangon ne. Ina! Ginin na ƙarni na 14 ne, gilasan kuwa sai bayan 1860 aka kafa su. Haka abin yake a yawancin tsofaffin coci-cocin ƙauyukan ƙasar.

To, ina na asalin? Farfasa su aka yi. Bayan Ingila ta raba gari da Paparoma, dokar 1547 ta ce a kawar da hotunan da suka zama abin bauta, har na jikin taga. Da yaƙin basasa ya zo, wani William Dowsing ya bi coci-cocin Suffolk da Cambridgeshire a 1643 da 1644 yana ƙarasa aikin. Aka toshe gurbin da farin gilashi.

Zamanin Sarauniya Biktoriya ne sha'awar ta dawo. An soke harajin gilashi a 1845, ga kuɗin masana'antu, iyalai na sayen taga don tunawa da mamatansu. Sai dai sana'ar ta kusa ɓacewa. Mutanen da, ba fenti suke shafawa su sami launi ba, tun gilashin yana narke ake zuba masa sinadari: kobal ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da ja. Jan ma, don tsabar duhunsa, ɗan siriri ake liƙawa a kan farin gilashi, in ba haka ba haske ba zai ratsa ba. A yayyanka, a zana fuska da ninkin tufafi, a gasa, a harhaɗa da dalma. Abin mamaki, lauya ne, Charles Winston, ya sa aka binciki tsofaffin gutsattsari har aka gano sirrin.

Ba duka ne suka yi kyau ba. Wasu kamfanoni sun yi ta buga waliyyai masu fuska ɗaya kamar bulo, suka duhunta coci. Middleton Cheney ta yi sa'a, kamfanin William Morris ta samu. A tagar yamma mai zanen kamfanin, Edward Burne-Jones, ya zana samari uku na Littafi Mai Tsarki, Shadrak, Meshak da Abednego, a cikin tanderu. In rana ta yi gora ta doki gilashin, sai ka ce wutar ci take yi.