Kukan Magariba: Me Ke Damun Jinjiri?

Akwai wani kuka da masu jego suka san shi sarai. Yaro ya sha nono ya ƙoshi, an yi masa wanka, jikinsa ba zafi, amma da la'asar ta yi sakaliya sai ya tsandare. Fuska ta yi jajir, ya dunƙule hannuwa, ya naɗe ƙafafu zuwa cikinsa, yana banƙarewa. A ba shi mama, ya kama ya saki. Haka za a yi ta jijjiga har bayan isha'i, sannan ya yi tusa ko kashi, barci ya kwashe shi.

A 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya ba wannan hali ma'aunin da ya shahara a asibitoci: jariri mai lafiya, mai shan nono, da ke kuka fiye da awa 3 a yini, fiye da kwana 3 a mako, har tsawon mako 3. Yakan fara wajen mako na 2 da haihuwa, ya tsananta wajen mako na 6, wato daidai lokacin da uwa ke gama arba'in ga gajiya ta taru mata. Zuwa wata 3 ko 4 yakan tafi da kansa. Kusan jariri 1 cikin 5 na yin sa, masu shan nonon uwa da masu shan madarar gwangwani duka.

Likitoci na ganin abubuwa da dama ne ke haɗuwa. Hanjin jinjiri sabon shiga ne a aiki, motsinsa bai daidaita ba, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke taya shi narkar da nono kuma yanzu suke kafuwa. Ƙwaƙwalwarsa ma ba ta iya rarrashin kanta ba tukuna, shi ya sa hayaniyar yini ke taruwar masa da yamma. Iskar da ake ɗora wa laifi kuwa, sau da yawa garin kukan yake haɗiyarta, cikin ya kumbura, kukan ya ƙaru. Kaɗan ne daga cikin jariran jikinsu ke ƙin madarar shanu.

Abin da ya fi damuna shi ne magungunan da muke rugawa gare su. Kaka ta ce nonon uwar ne ba kyau, a yaye shi daga mama. Wata ta kawo ɗauri, wata zuma, wani ya kira wanzami a cire beli ko a yi tsaga a ciki. Nonon lafiyarsa ƙalau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi zalla ya ishi yaro wata 6, ko ruwa ba sai an ba shi ba. Jiƙon da aka ɗura masa na iya jawo gudawa, zuma kafin shekara 1 na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jiki, askar da ba a tsabtace ba kuwa hanyar cuta ce da zubar jini.

Abin da ke taimakawa yana cikin gida. A ɗora shi a kafaɗa bayan shan nono, a shafa bayansa har ya yi gyatsa. A goya shi, a yi ta kai-kawo a tsakar gida. A nisanta shi da hayaƙin taba da na murhu. In uwa ta ji haƙurinta ya ƙare, ta miƙa shi ga uban ko ta kwantar da shi rigingine ta ɗan fita. Kada a taɓa girgiza jariri da ƙarfi, yin haka na sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa.

Amma in kukan ya zo da zazzaɓi, ko amai kore, ko jini a kashi, ko yaron ya ƙi nono, jikinsa ya saki, wannan wani ciwo ne daban. Ku kai shi asibiti a daren, kada ku jira gari ya waye.