MOTAR KAI AMARYA: YADDA MUKA SHIGA JIF BA MU CI BASHI BA

Yau labarin bikin ƙanwata na kawo muku, da yadda motar yini ɗaya ta so ta durƙusar da ango tun kafin a ɗaura aure.

Ni 'yar Ribah ce, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, jihar Kebbi. A ƙarshen shekarar 2024 aka sa ranar Autarmu da wani malamin firamare mazaunin garin Zuru, yaro mai hankali da kunya. Saura wata guda biki Auta ta dawo daga rakiyar wata ƙawarta, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kaina.

"Yaya, ni fa in ba a Prado za a kai ni ba, wallahi ba inda za ni. Da me wance ta fi ni?"

Inna tana tankaɗe ta ɗago kai ta ce, "Ke dai Auta ba ki da ta ido. Ni a bayan a-kori-kura aka kawo ni gidan nan, ni da tukwanena, ga shi har na haife ku." A zamaninsu wadda aka ɗauka a Fijo 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ita ce 'yar gata. Maƙwabtanmu Dakarkari kuwa a al'adarsu ta golmo, shekaru saurayi yake yi yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata. Da ƙarfin damtse ake auna miji a da, yanzu kuma 'yammata sun koma auna shi da girman mota.

Na ɗauka shirmen ƙuruciya ne, sai bayan kwana uku angon ya same ni a zaure, kansa a ƙasa.

"Yaya, na tambayi wani dillali, ya ce naira 150,000. Na yanke shawara zan sayar da mashin ɗina."

Gabana ya faɗi. Mashin ɗin da yake zuwa makaranta da shi, in an tashi ya ɗan taɓa kabu-kabu ya samu na cefane! Na ce, "Ƙanena, nawa ka ware wa motar amarya tun farko?" Ya ce 70,000. Na ce zan cika 10,000 daga adashina, kuma daga 80,000 ɗin nan ko sisi ba za mu ƙara ba. In an samu, to. In ba a samu ba, Auta ta shiga wadda Allah ya hore. Wannan shi ne darasi na farko, 'yar uwa: ki ɗaure bakin jakarki tun daga gida, domin in kika bari sai kin ga mota tana sheƙi, zuciya ce za ta yi miki lissafi.

TAFIYA ZURU

A wajenmu babu kamfanonin hayar mota irin na Abuja ko Kano, balle irin na Amurka da Ingila inda mutum yake ɗaukar sabuwar mota hayar shekara biyu ko uku yana biya wata-wata. Mu shata muke yi, a hannun masu sayar da motoci ko wani mai hali da ya yarda ya bayar da tasa tare da direbansa. Don haka na roƙi Kawu ya raka ni, tsohon direba ne da ya san kowa a tasha.

A hanya ya gargaɗe ni. "'Yata, cire 'yan kunnen nan na gwal. Kada ki faɗi abin da ke jakarki, kada kuma ki yaba mota a gaban mai ita." Wuri uku muka leƙa muka ji farashi kafin mu je inda muka nufa, wajen wani Alhaji mai sayar da motoci. Da yake Kawu ya san shi, ba mu bi ta hannun dillali ba, la'ada ta fita daga lissafi ke nan. Amma in dillali ne ya kai ki, ki ba shi haƙƙinsa, ki dai san nawa ne kuma wa zai biya tun kafin a fara magana.

Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "Don kai ne, a kawo 130,000."

Kawu bai ce ya yi tsada ba. Sai ya gyara zama ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki. A cikin kuɗin nan me da me ke ciki?"

Nan fa ido ya buɗe. Ashe lissafin kwana biyu ne, Asabar da Lahadi, mota ta kwana a Ribah. Akwai kuɗin mai, akwai na direba, akwai na ado. Kuma Alhaji bai ɓoye mana ba, ya ce ya sa kuɗin fargaba, domin tun hare-haren 'yan bindiga a ƙasar Zuru, irin na watan Maris 2022, ba mai son motarsa ta yi dare a hanyoyinmu. Mai kuwa tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 ya zama abin da ya zama, a lokacin bikin nan lita ta haura naira 1,000.

Sai muka shiga sauke kayan ɗaya bayan ɗaya. Na ce ranar Talata za mu kai amarya, ranar da motar take zaune ba mai nemanta. Na ce ba kwana, ta taso daga Zuru da hantsi, kafin la'asar ta dawo gida, tunda gidan angon ma a Zuru yake, zuwa ɗaya ne da dawowa. Kawu ya ce mai mu za mu sha da kanmu a gidan mai, a gaban direba. Ado kuma ƙawayen amarya za su yi.

"To yanzu motar kaɗai, Alhaji, mun saya 35,000."

"Albarka. Hajiya, Prado ce fa, ba Keke Napep ba. A kawo 60,000."

Kawu ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ni ma na miƙe, zuciyata tana dukan uku-uku don ina tuna fuskar Auta. Muka yi godiya cikin mutunci muka nufi ƙofa. Ba mu kai titi ba yaronsa ya biyo mu. A 45,000 aka sallama.

Ga yadda lissafin ya tsaya: mota 45,000, mai lita 20 a kan 22,000, goron direba 5,000, kayan ado 3,000. Jimla 75,000, har da canjin 5,000 da muka sayi ruwan sanyi na 'yan rakiya.

RUBUTU YA FI "NA YARDA DA KAI"

Da za a rabu Kawu ya ce a kawo takarda da biro. Alhaji ya ɗan ɓata fuska ya ce, "Haba, tsakaninmu?" Kawu ya yi dariya ya ce, "Don tsakanin namu ya ɗore ne." Aka rubuta lambar motar da launinta, don kada ranar biki a turo wata a ce waccan tana gareji. Aka rubuta rana, da lokacin zuwa da na dawowa, da kuɗin awa ɗaya in an makara. Muka ba da kafin alƙalami 15,000, saura sai amarya ta shiga ɗakinta. Shaidu biyu suka sa hannu. Kawu ya duba tayoyi da safaya da takardun mota, ni kuma na zagaya ta da waya ina ɗaukar hoton duk wani ƙwarzane da ke jikinta.

Ku da kuke Islamiyya, wannan ba baƙon abu ba ne. A littafin Risala na Ibn Abi Zaid an yi bayanin cewa haya tana halatta ne idan an yanka mata lokaci kuma an ambaci kuɗinta. Malamanmu kuma suna koyar da cewa abin haya amana ne, ba a ɗora wa mai haya biyan ɓarnar da ba sakacinsa ya jawo ba.

Hoton nan kuwa ya yi mana rana. Da muka je cika kuɗi, yaron Alhaji ya nuna wani ƙwarzane a ƙofar baya ya ce 'yan rakiya ne suka yi, sai mun biya 30,000 na fenti. Ban ce uffan ba, na buɗe waya na miƙa wa Alhaji. Ya duba hoton, ya duba ranar da aka ɗauka, ya juya ya harari yaron. Da babu hoton nan, da duk wahalar cinikin ta tashi a banza.

Abin dariyar, 'yan uwa, Auta da ta tayar mana da hankali, tun daga ƙofar gidanmu take kuka a cikin mayafi har ƙofar gidan mijinta. Bayan sati guda na je ganin ɗaki, ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, wai motar nan fara ce ko baƙa?" Mashin ɗin kuwa yana nan. A kansa angon ya riƙa kai ta asibiti awo, a kansa yake kawo cefane kullum.

Don haka ya ke 'yar uwa, son abu mai kyau ba laifi ba ne, ranarki ce. Amma kafin ki ce sai jif, ki tambayi wanda zai aure ki abin da zai iya, ki kuma tabbata ba jarinsa zai karya don ya faranta miki ba, domin bashin da aka ci ranar biki ke za ki zauna da shi a ɗaki. In za a nemi motar, a tafi da babba wanda ya san harkar, a tambayi abin da ke cikin kuɗin, a rage kwana, a kauce wa Asabar da Lahadi, a yi tafiyar da rana, sannan a rubuta komai. Masu iya magana sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

Allah ya ba 'yammatanmu mazaje nagari, ya zaunar da ƙasarmu ta Zuru lafiya, ya sa albarka a gidajenmu baki ɗaya, amin.