Amai da Gudawa: Kafin Ku Ruga Kemis

Da zarar damina ta kankama, ƙazantar masai takan malala cikin rijiyoyi, kwalara ta samu hanya. Haka aka gani a Borno bayan fashewar dam ɗin Alau a 2024.

To me ke kashe mai kwalara? Ƙarewar ruwan jiki, wani lokacin cikin awanni kaɗan. Mu kuwa sai neman Flagyl, alhali ba ya mayar da ko ɗigo.

Ku fara da ORS. In babu, ku samu tafasasshen ruwa lita 1, ku zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin cokali. Ku riƙa ba shi kurɓi-kurɓi kuna hanyar asibiti. In ya amayar, ku jira minti 10, ku ci gaba.