Lambun Gida: Kafin Ka Ɗauki Fartanya

Duk lokacin da kayan miya suka yi tsada, sai ka ga magidanta sun ruga kasuwa sun sayo iri da takin zamani, a tone bayan ɗaki a shuka. Kafin wata biyu rana ta ƙone komai, a ce ƙasar gidan ce ba ta da kyau. Sau da yawa ƙasar ba ta da laifi, gaggawa ce aka yi.

Akwai tsarin noma da ake kira famakalca, wanda Bill Mollison da David Holmgren suka fitar a Ostireliya, suka kuma buga littafi a kansa a 1978. Abin da ya fi ba muhimmanci shi ne a lura da wuri kafin a taɓa shi, sannan kada abin da gida ke zubarwa ya tafi a banza. Manomanmu ba baƙi ba ne a nan. Sun daɗe suna haɗa gero da wake, suna kuma barin gawo a gona, domin da damina yake zubar da ganye ya ƙara wa ƙasa ƙarfi.

To, fara duba inda ruwan indararo yake bi da inda yake kwanciya, da kuma bangon da ke ba da inuwa bayan azahar. A inuwar bangon nan alayyahu zai ji daɗi. Kuɓewa da zogale kuwa rana suke so. Rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don laima ta daɗe, amma nesa da bangon ƙasa, saboda gara.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen taki. Ba kowace ƙasar bola ce taki ba. Bolar gari cike take da leda, da kwalabe, da matattun batura, wasunsu kuma da dalma a ciki. Wanda ya tuna yadda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da ita kusa da abincin iyalinsa ba. Gara ka haƙa raminka, ka riƙa zuba ɓawon doya, ragowar ganye, kashin awaki da ɗan toka, kana yayyafa ruwa kana juyawa. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yakan ƙone saiwa. Bar shi ya ruɓe kamar wata uku.

Haka batun ruwa. Na alwala da na wankin shinkafa sun dace da kowace shuka. Na wanki mai omo yana tara gishiri a ƙasa, don haka a kai shi gindin manyan itatuwa, kada ya taɓa latas ko tumatir da ake ci ɗanye. Duron da aka tara ruwan sama kuma a rufe bakinsa, in ba haka ba sauro zai hayayyafa a ciki cikin mako guda zuwa biyu.